Barka da Kirsimeti daga New York

Yaya,

Barka da Kirsimeti. Ina fata kun yi biki lafiya, kai da Anti da yara, ƙafar Mama kuma ta yi sauƙi. Kuɗin da na turo na shinkafa da akuya ne, abin da ya ragu a ɗinka wa yara kaya.

Ka ce tun da Mama ta ji ina aiki a mashaya hankalinta bai kwanta ba. To ga aikin, ka karanta mata. Abin sha nake haɗawa a wani otal, kuma sana'a ce ta awo da natsuwa. Da sanyin nan, abin da baƙi suka fi nema shi ne Manhattan, wanda ya ci sunan yankin da nake aiki. Tun kafin 1900 ake shan sa a garin nan.

Ginshiƙinsa wiskin rye ne, wani hatsi dangin alkama. Dokar Amurka ta ce sai rye ya kai kashi 51 cikin ɗari na hatsin da aka yi wiskin da shi, a kuma adana wiskin cikin sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta. Nakan auna mililita 60, in ƙara 30 na jan bamut, giyar inabi mai zaƙi da aka jiƙa da ganyaye da saiwoyi, asalinta Turin ta Italiya. Sai yayyafi biyu na Angostura, wani ruwan haɗi mai ɗaci, da ake kawowa daga Trinidad. In zuba a kan ƙanƙara, in yi ta juyawa da dogon cokali kamar daƙiƙa 30, har gilashin ya yi raɓa. Ba a girgiza shi, don sai ya yi kumfa launinsa ya dushe. Daga nan in tace cikin tambulan mai sanyi, in jefa ceri ɗaya, wani ɗan ƙaramin jan ɗan itace. Wasu sun fi son wiskin masara, amma a ganina zaƙin yakan yi yawa, ɗan yajin nan na rye ya ɓace.

Ka kuma shaida mata doka ta hana in ba wanda bai kai shekara 21 ba, ko wanda na ga ya fara tangaɗi. Ina hanawa, komai kuɗin mutum.

Yau ma ina bakin aiki har dare, amma na samu sujadar safe. Ranar Lahadi zan kira bayan kun taso daga coci, ka tara min kowa. A gaida Baba Ƙarami da mutanen gida duka.

Ƙaninka