Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Da Ya Zo Na Biyu

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Yayarka ta gaya mini yadda wasan ƙarshe na gasar badminton ɗinku ya kaya, cewa yaron nan da ya doke ka bara shi ya sake doke ka, har ka ce ka ajiye raket. Ban ji daɗin maganar ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na san ka san Lee Chong Wei na Maleshiya, tunda kana kallon tsofaffin wasanninsa a waya, amma ina so ka dubi rayuwarsa da kyau. An haife shi a 1982, ya tashi a garin Bukit Mertajam. Ya riƙe matsayin na ɗaya a duniya a wasan maza na ɗaiɗai har mako 349, daga ciki mako 199 a jere, tun daga 2008 zuwa 2012. Ya ci gasar All England sau huɗu, gasar Malaysia Open kuwa sau 12. Duk da haka bai taɓa rataya zinaren Olamfik ba, bai kuma taɓa zama zakaran gasar duniya ba.

Lin Dan na ƙasar Sin ne ya tsaya masa a gaba. Sun haɗu sau 40, Lin Dan ya ci 28. A wasan ƙarshe na Olamfik na Beijin a 2008 ya yi masa kaca-kaca. A gasar duniya ta 2011 a Landan, sau biyu Lee yana kaiwa inda maki ɗaya kacal ya rage masa ya zama zakara, amma zagaye na uku ya ƙare 23 da 21, Lin Dan ya ɗauke. Da shekara ta zagayo suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na Olamfik, a Landan ɗin dai. Lee bai daɗe da jin rauni a idon sawu ba, ya ci zagayen farko, ya faɗi na uku da 21 da 19. Ɗana, ka auna zafin wannan da naka. Ƙasa guda ta zuba masa ido, domin Maleshiya ba ta taɓa cin zinare a Olamfik ba, shi kuma ya koma gida da azurfa karo na biyu. Ya share hawaye, ya koma atisaye.

A Olamfik na Rio a 2016, yana da shekara 33, ya doke Lin Dan a wasan kusa da na ƙarshe, zagaye na uku 22 da 20. Washegari Chen Long, shi ma na ƙasar Sin, ya doke shi a wasan ƙarshe, azurfa ta uku ke nan. Wasu na kiran wannan rashin sa'a. Ni abin da nake gani shi ne mutumin da ya yi shekara takwas yana bin abokin karawarsa a wannan fage har ya cim masa, kuma ba zai cim masa ba da ya ajiye raket tun daga Beijin. Rabo na Allah ne, amma komawa fili bayan an sha kaye aikin mutum ne, kuma a nan nake so ka yi koyi da shi.

Akwai wani abu a tarihinsa da nake so ka kiyaye. A 2014 an sami maganin dexamethasone, wanda aka haramta wa 'yan wasa lokacin gasa, a jikinsa, aka ƙwace azurfar da ya ci a gasar duniya ta shekarar, aka dakatar da shi wata takwas, ko da yake masu binciken sun ce ba da niyyar maguɗi ba ne. Matsayinsa ya faɗi ƙasa warwas, sai da ya sake hawa daga tushe har ya koma na ɗaya a 2016. Don haka kada ka sha ƙwaya ko ka yarda a yi maka allura saboda ciwon gwiwa ko na kafaɗa sai likita ya san kai ɗan wasa ne, komai amincinka da wanda ya ba ka.

Abin da ya raba shi da fili ciwon daji ne na hanci, wanda aka gano a 2018, jim kaɗan bayan ya doke Kento Momota na Japan ya ci Malaysia Open yana da shekara 35. Ya yi jinya a Taiwan, ya so ya dawo, likitoci suka ba shi shawarar ya haƙura, ya sanar da ritayarsa a watan Yunin 2019.

Kai kuwa lafiyarka ƙalau, ƙuruciyarka na nan. Ka koma wurin kocinka ranar Litinin, ku zauna ku duba inda yaron nan yake cin makinka. Idan kun haɗu ka miƙa masa hannu ku gaisa, shi ne yake nuna maka inda gyaranka yake. Kada wasan ya taɓa sallarka ko karatunka. Na tura maka kuɗin sabon takalmi ta hannun yayarka.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka