Yankinmu na buƙatar malaman jami'a masu nazarin arzikin ƙasa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi kira ga ɗalibanmu masu karatun labarin ƙasa a Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere, musamman masu sha'awar ɓangaren da ke nazarin dalilin da ya sa arziki ke taruwa a wani wuri ya ƙaurace wa wani. Na shafe shekaru ina koyar da wannan darasi a sakandare, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, haziƙan cikinsu da zarar sun gama bautar ƙasa sai su nufi banki ko ƙungiyoyin agaji, ba mai waiwayar aji.

Ban ga laifinsu ba, domin hanyar zama malamin jami'a tana da nisa: mutum zai fara a matsayin mataimakin malami, ya yi digiri na biyu da na uku, ya yi ta wallafa bincike kafin a ɗaga shi, albashin kuwa sai haƙuri.

Amma a dubi tambayoyin da ke gabanmu. An kafa masana'antar siminti a Ashaka saboda dutsen farar ƙasa da Allah ya ajiye a wurin, to nawa ne daga cikin albarkarta ya zauna a ƙaramar hukumar Funakaye, inda masana'antar take, nawa ya bi manyan motoci ya tafi? An kammala madatsar ruwa ta Dadin Kowa a shekarun 1980, sai da aka haura shekara 30 kafin ta ba da lantarki. A Nuwamban 2022 kuma aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, kuma tun yanzu ya kamata a san inda hanyoyi da kasuwanni da matsugunai za su karkata. Marigayi Farfesa Akin Mabogunje da wannan ilimi ya ba da gudummawa wajen tsara Abuja, alhali daga ajin jami'a ya taso.

Saboda haka ina roƙon gwamnatocin Gombe da Bauchi da Hukumar Raya Arewa Maso Gabas su riƙa ɗaukar nauyin digiri na uku a wannan fanni, bisa sharaɗin cewa binciken zai kasance a kan yankinmu, kuma mai shi zai dawo ya koyar aƙalla shekara 5.

Wassalam.

Wani tsohon malamin makaranta,
Gombe