Zuwa ga Alhajin da ya tambaye ni wa ya zaɓi hukumar ECOWAS

Assalamu alaikum Alhaji,

Ranar da aka gayyace ni gidan rediyo muka tattauna rufe iyakar Nijar, ka bugo waya daga Kasuwar Barci ka ce in faɗa maka wanda ya zaɓi mutanen ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da ke zaune a Abuja, har suka hana kayanka fitowa daga Maraɗi. Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba. Ga ta nan.

Ba kai ka zaɓe su ba, ni ma ban zaɓe su ba. Naɗa su ake yi. Shugabannin ƙasashe ne ke zama su raba kujeru, wannan ta ƙasa kaza, waccan ta ƙasa kaza, sannan ƙasar ta miƙa sunayen 'ya'yanta a tantance. Wa'adinsu shekara huɗu, ba a sabuntawa.

Da aka kafa ƙungiyar a Legas a 1975, zamanin Janar Gowon da Eyadema na Togo, sakatariya ce kawai. Sai a 2007 aka mai da ita hukuma, Ibn Chambas ɗan Gana ya fara riƙe ta. Daga baya kujeru suka kai 15, kowace ƙasa da tata kamar rabon naman suna, har ɗawainiyar ta yi nauyi. A 2022 aka rage su zuwa 7: Omar Touray ɗan Gambiya a shugabanci, mataimakiya daga Togo, sai kwamishinoni biyar, ciki har da ɗan Najeriya da ɗan Nijar. Abin mamakin, wanda aka danƙa wa harkar makamashi shi ne ɗan Nijar ɗin, kuma yana kan kujerarsa aka yanke wa ƙasarsa wutar da take sha daga Najeriya.

To ka ga ba hukumar ce ta rufe iyaka ba. Shugabannin ƙasashe ne suka yanke wannan shawara bayan juyin mulkin Nijar, a taron Abuja na 30 ga Yulin 2023, Tinubu na jagorantarsu. Touray sanarwa ya karanta, shi ya sa fuskarsa ka riƙe.

Amma ban ga laifin fushinka ba, domin da guminka ake tafiyar da hukumar. Duk kayan da aka shigo da su daga wajen yankin, ana ɗora musu harajin ECOWAS na rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma ya riga ya shige cikin farashi kafin dilar atamfa ta iso shagonka.

Allah ya ba da kasuwa, a gaida mutanen layi.