A Kula da Ƙarfen Fedar Keke

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin masu keke da masu gyaransa a Kaduna kan ƙarfen da ke riƙe feda. Da zarar ya fara ƙara ko girgiɗi, galibi notinsa ne ya saki, kuma idan aka ci gaba da hawa a haka, raminsa zai cinye ya faɗaɗa har ɗauri ya daina amfani. Yana damuna ƙwarai in ga an cusa guntun gwangwani an buga da guduma, alhali keken nan jarkokin ruwa yake ɗauka. A tuna cewa fedar hagu ta hagu ake murɗa ta wajen ɗauri. Ƙarfen da ya tsage kuwa, a sauya shi, kada a kai shi walda.

Naku,
Wani mai karatu,
Tudun Wada, Kaduna