Wasiƙa zuwa ga Kabiru kan maganar Auwalu da sana'ar murya

Unguwar Jahun,
Bauchi.

Aminina Kabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Maman Hanifa da yara, da kuma haƙuri da ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Mu nan hunturu ya kankama, ƙura ta rufe Dutsen Warinje har ba a ganin kansa da safe. Kowa lafiya, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso. Ka ce Auwalu ya gama sakandare ya ƙi kama komai sai kwaikwayon muryoyin mutane yana ɗorawa a TikTok, kuma Hajiya ta ce a tambaye ni, tunda ni ma da baki nake cin abinci, ko wannan abu sana'a ce ko shiririta. Amsar ta fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na zauna na rubuta, don ka karanta wa Hajiya inda ya dace, ka tsallake inda bai dace ba.

Na kalli abubuwan da ya ɗora. Yaron yana da kunne, wannan babu ja. Yadda ya ɗauko mai tallar maganin basir na Kasuwar Muda Lawal, da kwandastan motar Jos, sai da na riƙe ciki. Amma gaskiya ɗaya ce, kwaikwayon muryar wani shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake nema a aikinmu. Babu furodusan da zai biya ka don ka iya muryar wani babba a gari, in ma ka matsa da yi, ofishin 'yan sanda za ka kwana. Abin da ake biya shi ne a miƙo maka takardar da ba ka taɓa gani ba, ka karanta ta kamar daga cikinka maganar ta fito, ka gama a daƙiƙa 30 cif, a ce maka sake, ka sake, a kuma cewa sake, ba ka haɗe rai ba.

Talla ce uwar sana'ar, ita ke kawo cefane. Mai kaya ya biya kuɗin daƙiƙa 30 a gidan rediyo, amma yana so a faɗi sunan shagonsa sau uku, da kwatancen layin da yake, da lambar waya biyu, da gaisuwa ga uban gidansa. Sai ka zauna da shi kuna ciniki kan kalmomi, ka nuna masa cewa in aka cusa duka, mai sauraro ba zai tashi da ko ɗaya ba. Bayan nan sai sanin inda za ka ja numfashi ba a ji ba, da kalmar da za ka danna, da wadda za ka wuce ta da gudu. Murmushi ma ana jin sa a rediyo, Kabiru. Ka karanta layi fuska a murtuke, ka sake karanta shi kana murmushi, wanda ke gona da rediyo rataye a reshe zai bambance su. Saƙonnin lafiya sun fi komai wuya. Lokacin da ake fama da riga-kafin shan inna, in muryar ta fito kamar umarnin hukuma, maigida kashe rediyon yake yi. Sai ta fito kamar ta maƙwabcin da ya tsaya a ƙofar gida bayan la'asar. Da aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020, na ce a raina masu muryar rediyo ma suna da ɗan kasonsu, ko da ba wanda zai kira sunansu.

Aikin kuma da kakarsa yake zuwa. Gabanin damina tallar taki da iri da maganin feshi, azumi da Sallah tallar atamfa da kayan masarufi, sai kuma babbar kaka, siyasa. Dokar zaɓe ta 2022 ta buɗe yaƙin neman zaɓe kwana 150 kafin ranar ƙuri'a, ta rufe shi saura awa 24, kuma a tsakanin nan situdiyo ba ta hutawa. Shawarar da nake ba kowane yaro ita ce ya karɓi kuɗinsa kafin ya buɗe baki, don ɗan takarar da ya faɗi ba ya ɗaga waya. Ya kuma sani in muryarsa ta manne wa jam'iyya ɗaya, akwai ƙofofin da za su rufe masa har shekara huɗu. Ni tallar da na daina karɓa ita ce ta maganin da ake cewa yana warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a kwalba ɗaya. In babu lambar NAFDAC da izinin talla, a nemi wani. Mutane muryata suka yarda da ita, ba mai kwalbar ba.

Akwai wata ƙofa da ta buɗe wadda yaranmu ba su lura da ita ba. Hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana amfani da muryoyin baƙi 'yan ƙasar waje a tallar da za a sa a Najeriya tun daga 1 ga Oktoba, 2022. Manyan kamfanonin Legas kuwa, na waya da bankuna da na kayan abinci, kowace talla suna son ta da Hausa. Ta intanet suke turo rubutun, ka naɗa a ɗakinka ka mayar. Sau da yawa fassarar da ke zuwa ba ta karantuwa, Turanci ne aka sa wa hula, don haka wanda ya iya gyara ta ya fi mai zaƙin murya daraja. Sai dai daidaitacciyar Hausa suke so. Ka san mu mutanen Bauchi ba mu cika wahalar da kanmu wajen raba namiji da mace a kan mota da riga ba, to a nan dole harshe ya koyi rabawa. Ba na ce ya yar da tamu ba. A tallar cikin gari da wasan kwaikwayo, Hausarmu ta gida ita ke sa mutum ya ji da shi ake.

Wasan kwaikwayon rediyo shi ne makarantar. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma a nan ake gane ɗan wasa, domin babu fuska, babu kaya, babu harara. Tsufa da tsoro da munafunci duk a maƙogwaro suke. In za ka fita daga ɗaki a labari, ja da baya kake yi daga makirfo kana magana. Ka tuna yadda muke taruwa jin marigayi Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama? Da Hausar barikin nan kaɗai kana ganin kakinsa da gashin bakinsa, alhali akwatin rediyo ne a gabanka. Auwalu ya nemi tsofaffin wasannin Rediyon Kaduna, da Ji Ka Ƙaru na sashen Hausa na DW, ya saurara ido rufe.

Na san dai katun ne a ransa. Abin dariya, wanda muka fi kallo muna yara, Tom and Jerry, kusan ba a magana a cikinsa. A Amurka yawanci muryar ake fara naɗa, sannan masu zane su zana bakin ya bi ta, don haka ɗan wasan shi ke gina halin. Mel Blanc, wanda ya rasu a 1989, shi kaɗai ne muryar zomon nan Bugs Bunny da Daffy Duck da Porky Pig da Tweety, kuma daga rediyo ya faro. Bart na The Simpsons, yaron nan mara jin magana, mace ce ke yin sa tun 1987, Nancy Cartwright, kuma ana yawan ba wa manyan mata muryar yara maza saboda ta yaro tana fashewa in ya balaga. Mu namu akasin haka ne. Zane yana cin kuɗi da lokaci, shi ya sa katun ɗin da aka ƙirƙira da Hausa tun daga tushe bai da yawa. Abin da ke akwai shi ne ɗora murya a kan hoton da aka riga aka gama, irin fassarar finafinan Indiya da su Algaita suka shahara da ita a Kano. Wannan aiki ne na ƙwaƙwalwa: bakin ɗan wasa ya buɗe ya rufe a daƙiƙa biyu, kai kuma jimlarka ta Hausa tana son huɗu, sai ka datse ta ba ka kashe ma'ana ba, ka kuma yi ƙoƙari harafin da ke haɗe leɓe ya faɗo daidai inda leɓensa ya haɗu. Ni kuwa abin da ke ci mini rai shi ne muna da Gizo da tsamin bakinsa, da Ƙoƙi, da kura mai kwaɗayi, waɗanda kakanninmu mata suka yi wa muryoyi a tsakar gida tun kafin a san lantarki, amma 'ya'yanmu sun fi sanin zomon Amurka.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don kai ne babba. Murya ba a sayar da ita, haya ake bayarwa. Na taɓa naɗa wa wani ɗan kasuwa talla a kan za a sa ta wata uku a tasha ɗaya. Shekaru suka wuce, na sauka a tashar mota a Gombe, sai ga muryata tana tashi daga lasifika a kan wata mota, ana sayar da kayan da ni, ko sisi ban ƙara gani ba. Komai ƙanƙantar aiki a rubuta: wace tasha, wata nawa, rediyo kaɗai ko har da intanet, in za a sabunta nawa ne. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta san da haƙƙin mai wasa, amma doka ba ta bin wanda bai riƙe takarda ba. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo, na'ura tana jin muryarka ta koya, ta faɗi abin da ba ka taɓa faɗa ba. Yana cikin abin da ya sa 'yan wasan Amurka suka yi yajin aiki na kwana 118 a 2023. James Earl Jones, mai muryar Mufasa a The Lion King na 1994, wanda in'ina ta kusa hana shi magana yana yaro, ya amince a ci gaba da sarrafa muryarsa ta Darth Vader na finafinan Star Wars da na'ura kafin rasuwarsa a 2024, amma shi da saninsa da yardarsa aka yi. Nan ma an fara zuwa ana neman matasa su karanta jimlolin Hausa barkatai a waya don koyar da kwamfuta. Ban ce haramun ba ne, Hausa ma tana bukatar shiga can. Sai dai kada Auwalu ya sa hannu a irin wannan takarda sai wani babba ya karanta ta.

To ga abin da na yanke. Ya zo wurina bayan Sallah, akwai ɗakin zaure. Zan riƙa shiga da shi situdiyo ya zauna ya yi shiru yana kallo, in kai shi ya gaida mutanen gidajen rediyon BRC da Globe FM da Albarka, ya ga yadda ake aiki. Sharaɗina biyu ne. Ya nemi gurbin karatun aikin jarida a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, kuma daga yau kullum ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, na Hausa da na Turanci. Kafin ya taso ya turo mini minti ɗaya da muryarsa ta Allah da Annabi, ba ta kwandasta ba. Ya naɗa da tsakar dare bayan an kashe janareta, ya rataya barguna a bango. Ihun gidan kallon ƙwallo da shisha kuwa, in yana yi, ya yi bankwana da su.

Ka gaya wa Hajiya sana'a ce ta halal, amma ba ta riƙe gida ita kaɗai da farko. Ni ma har gobe da safe ina aji ina koyarwa, sai yamma nake shiga situdiyo.

Ka gaida Maman Hanifa da yara. Maman Sadiq tana gaishe ku, ta ce a tambaya ko busasshen kifin da aka yi mata alkawari yana hanya.

Naka har kullum,
Bala