A kula da haɗa maganin zaburar da ƙwaƙwalwa da na ciwon damuwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarku in ja hankalin 'yan'uwanmu na Aboabo, Asawase da sauran zangunan Kumasi kan wani haɗin magani da ake yi wa riƙon sakainar kashi. Mutum na shan maganin ciwon damuwa kamar fluoxetine, sertraline ko amitriptyline, sai ya ƙara da maganin zaburar da ƙwaƙwalwa irin su Ritalin, Concerta ko Adderall, waɗanda ake ba masu fama da kasa tattara hankali.

Likitoci kan rubuta biyun tare, amma da awo. A kan fara da kaɗan, misali miligiram 5 na methylphenidate, a auna jini da bugun zuciya kafin farawa, a sake aunawa duk sanda aka ƙara. Inda gizo ke saƙar shi ne idan magungunan sun fito daga hannu biyu: ɗaya daga asibiti, ɗaya kuma ɗan'uwa ya aiko daga Amurka don yaro ya jure karatun jarrabawa, likita bai da labari.

Magungunan damuwa fluoxetine da paroxetine suna rage wa hanta ƙarfin sarrafa amphetamine, wanda shi ne ke cikin Adderall. Sai ya taru a jini, ƙwayar da ta isa a da ta koma ta yi yawa. Methylphenidate, na cikin Ritalin da Concerta, yana iya ɗaga yawan amitriptyline a jini, ita kuwa dama tana taɓa bugun zuciya. Venlafaxine, wani maganin damuwa, na ɗaga jini, maganin zaburarwar ma haka, sai a haɗu a kan mai hawan jini. Bupropion kuma, shi ma na damuwa, na sauƙaƙa faɗuwa irin ta farfaɗiya.

Akwai rukunin maganin damuwa da ba a haɗa shi da na zaburarwar sam, wato su phenelzine da tranylcypromine. Sai an yi kwana 14 cur da daina su, in ba haka ba jini na iya haurawa 180 bisa 120, har jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa. Linezolid, maganin ƙwayoyin cuta, shi ma aikinsa na kama da nasu.

Abin da ya fi damuna a zangunanmu shi ne tramadol. Shi da maganin damuwa da amphetamine duk suna ƙara sinadarin serotonin a jiki, haka ma maganin tari mai dextromethorphan da ake saya a kemis ba takarda. Idan sinadarin ya yi yawa, galibi cikin awa 24 da fara sabon magani ko ƙara shi, za a ga zufa, rawar jiki, zawo, fizgar ƙafafu, zuciya na dukan uku-uku, zazzaɓi, mutum ya rikice yana sambatu. Mutanenmu na ganin zazzaɓi da makyarkyata sai su ce maleriya ce, na ganin sambatu sai su ce iska ce, a tafi neman mai ruƙiyya. A yi addu'a, amma a yi ta a hanyar asibiti, domin zafin jikin na iya wuce digiri 41, ƙoda ta tsaya. Kada a ba shi wata ƙwaya. A kira 112 ko a kai shi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye, a tafi da kwalayen duk abin da ya sha, har wanda ake jin kunyar faɗa.

In ba irin wannan gaggawar ba, kada wanda ya karanta wasiƙar nan ya yanke maganin damuwarsa dare ɗaya. Jiri, rashin barci da dawowar ciwon na biyo baya, sai likita ya rage shi a hankali. Fluoxetine ma takan yi makonni a jiki bayan an daina, don haka ko watan jiya aka bar ta, a faɗa wa likita. A gaya masa har goro nawa ake ci a rana da yawan ataya da kofi, domin su ma suna ƙara wa zuciya gudu.

Wassalam.

Wani mai harhaɗa magunguna,
Aboabo, Kumasi