Likita ya ce in riƙa tafiya, gari ya ce na talauce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tela ne a Garwa, shekara talatin ina zaune a kan keken ɗinki. Da ƙafata ce ke juya shi, yanzu lantarki ne, ɗan motsin da ya rage mini ma ya tafi. Bara likita ya ce ina da hawan jini, sukari kuma ya fara leƙowa. Bayan magani sai ya ɗora mini tafiyar minti 30, kwana biyar a mako. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan, minti 150 a mako ga babba, yara kuwa awa guda kullum.

Na ɗaura niyya na fita. Ban yi nisa ba 'yan moto uku suka tsaya: "Baba, hau in kai ka, ko ba kuɗi." Ranar ta uku maƙwabcina ya aiko ɗansa da sefa 500 a dunƙule, wai ya lura abubuwa sun yi mini tsauri. A nan dattijo ba ya taka ƙasa sai in aljihu ya bushe.

A 2018 ƙasashen wannan hukuma, har da Kamaru, suka amince a rage zaman jiki ba motsi da kashi 15 cikin ɗari kafin 2030. Madalla. Roƙona ga masu tsara abin a Yawunde shi ne su tuna ba iska ɗaya muke shaƙa ba. Su suna da filin motsa jiki na Parcours Vita da sanyin tudu. Mu a watan Maris da Afirilu zafi kan wuce digiri 40, wanda ya ce mu fita da hantsi jana'iza yake shirya mana. Lokacinmu bayan asuba ne da bayan isha, duka biyun kuma suna son fitilar titi da gefen hanya da moto ba ya hawa. Da rana sai inuwa, a duba yadda darbejiya ta rufa wa titunan Marwa asiri.

Kigali, babban birnin Ruwanda, takan hana mota bin wasu tituna safiyar Lahadi don masu tafiya. Mu ma a buɗe mana harabar filin wasa na Roumdé Adjia, inda aka buga gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka a 2022, daga asuba zuwa bakwai.

Abin da ya fi damuna mata ne. Uwargidana cutarmu ɗaya, amma ba za ta fita titi tana wurga hannu ba, kuma ban ga laifinta ba. Makarantun unguwa masu katanga a rufe suke kwana Asabar da Lahadi, a ba mata su. Limamai kuma su taɓa zancen a huɗuba, don a unguwarmu maganarsu ta fi allon talla shiga kunne.

Sefa 500 ɗin na mayar wa maƙwabcina, na ce ya biyo ni gobe bayan asuba. Ya ce sai ya ga yadda gwiwarsa ta kwana.

Naku,
Wani tela daga Garwa